Safar Nomau

Kwanan baya wata jikata ta kawo mini waya har kan tabarma, wai in ga yadda wata mata take saƙa safa. Kafin in gyara zaman tabarau matar ta gama ƙafa guda, ta ɗaga tana murmushi. Yarinyar ta ce, "Hajiya, ashe abin da kuke ta cika baki a kai ke nan?" Na ce ta gaya wa matar ta juyo mana cikin safar mu ga bakin. Ku 'yan yanzu haka kuke, da kun ga hannu yana gudu sai ku ɗauka aikin ne ba shi da wuya. Saƙa safa daga ƙwauri zuwa idon sawu, kowa ya zauna ya sa kai zai iya. Dunduniya takan ɗan wahalar da sabon shiga. Amma inda ake gane mai saƙa shi ne wurin rufe baki, can gaban yatsu, kuma da wannan ɗan wurin da bai kai tsawon yatsa ba na ci abinci shekara da shekaru.

A Funtua na koya, ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Gidanmu yana bayan layin dogo, ina kai tallan dafaffiyar gyaɗa gidajen ma'aikatan reluwe. A nan na sadu da Mama Saratu, matar wani mai duba layin jirgi, mutuniyar kudancin Zariya. Kullum na je sai in tarar da ita ƙarƙashin mangwaro, zaren ulu a cinya, tana saƙa ba ta ko kallon hannunta. Ni kuwa sai in tsaya da faranti a ka, baki buɗe, gyaɗa tana hucewa. Ran nan ta ce, "Rabi, ko ki tafi tallanki ko ki zauna ki koya, tsayuwar nan taki tana tare mini haske." Na zauna.

Tsinkayen ƙarfen da ake saƙa da su, kibiya muke ce musu. Nata na kanti ne, masu ƙyalli. Nawa kuwa wayar ƙafar keke ce, mai gyaran keke ya yanka mini, na yi ta goga bakinsu a dutse har suka yi santsi. Sai basilla guda, ita ma an dakushe mata tsini don kada ta tsaga zare. Sai almakashi. Kayan aikin ke nan gaba ɗaya, gwangwanin madara ma ya ɗauke su.

Safar farko da na gama, na ɗinke bakinta yadda na ga ana ɗinke buhun dawa a kasuwa: na haɗa gefe da gefe, na bi da zare, na ƙulle tamau. Na kai mata ina jiran yabo. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta sa na zura safar, ta ɗauko kambas ɗin ɗanta ta ce in sa, ta aike ni kasuwa sayen tattasai, ta ce kada in kuskura in cire a hanya. Kafin in kai mahauta na fara ɗingishi. Da na dawo babban yatsana ya yi bororo, ina hawaye ina zagin wanda ya ƙirƙiro takalmi. Ta karɓi tattasanta ta ce, "To, kin ji abin da za ki sayar wa mutane."

Daga ranar ta nuna mini haɗi. Ga yadda yake. In ka rage saƙa har ka iso ƙarshen yatsu, ba ka tsuke bakin. Madaukan zaren, waɗanda muke kira ido, suna nan a raye bisa kibiya biyu, ta saman ƙafa da ta tafin ƙafa, ka jera su kafaɗa da kafaɗa. Sai ka zura jelar zaren a basilla. Ka shiga idon farko na kibiyar gaba ta fuska, ka zare shi daga kibiya. Ka shiga na biye da shi ta baya, ka bar shi a wurinsa. Ka tsallaka kibiyar baya ka yi akasin haka. Haka za ka yi ta zuwa kana dawowa, kowane ido basilla ta ratsa shi sau biyu kafin ya sauka. Abin da kake yi a gaskiya ba ɗinki ba ne, sabon layin saƙa kake zanawa da basilla a tsakanin layuka biyu. In ka ja zaren da ƙarfi, wurin ya tattare ya yi tudu. In ka sake shi, ya yi rami yatsa ya leƙo. In hannunka ya daidaita kuwa, ko kai da ka yi sai ka neme shi ka rasa. Jelar da ta rage ba a ƙulle ta, sai dai a sulala ta cikin saƙar har ta ɓace.

Kuma ba a gwada shi da yatsa. Mama Saratu ta ce yatsan mai saƙa ya riga ya yi kanta, ba ya jin komi. Sai ka juya safar, ka goga cikin bakinta a leɓenka na sama. In leɓe ya ji wani abu, warware ka sake. Na warware bakin safa a gidan nan har na fara ganin ido da basilla a mafarki.

Da aka yi mini aure aka kai ni Malumfashi, gidan Malam Sule tela. Kekensa na ɗinki yana zaure, ni ina ciki, sai sana'ar ta zo mana daidai. Masu safa a lokacin ba su da yawa amma ba sa yankewa: 'yan doka, malaman makaranta masu gajeren wando da doguwar safa har gwiwa, direbobin manyan motoci, da masu gadin rumbunan auduga da ke kwana waje cikin ɗari. Tun da ba zan fito in kama ƙafar namiji ba, muka samo dabara. Malam yakan barbaɗa toka a daɓen zaure, mutum ya cire takalmi ya taka, ya tafi abinsa. In zaure ya yi shiru sai in fito da karan dawa in auna sawun. Akwai wani ɗan doka mai ƙaton ciki da ya rantse ƙafarsa ƙarama ce, tokar ce ke ƙara masa. Na saƙa masa yadda toka ta ce, kuma ba ta yi masa yawa ba.

Shekarar da ƙasa ta rikice, gab da a shiga yaƙi, ita ce muguwar shekararmu. Masu kantin da ke kawo ulu Funtua suka rufe suka tafi, jirgi ya daina zuwa yadda ya saba. Na koma sayen tsofaffin rigunan sanyi a gwanjo ina warwarewa, in jiƙa zaren in rataya masa dutse ya miƙe. Daga baya su ma suka ɓace. Kafin bazara gwangwanina yana rataye a bango, ni kuma ina taya Malam sa maɓalli.

Cikin wannan zaman ne Nomau ya zo. Bamaguje ne daga wani ƙauye a gefen Ƙarfi, dogo, mai faɗin kafaɗa, irin mutanen da in suka kama garma sai a tsaya kallo. Kuturta ta kama shi shekarun baya. Ya yi ta karɓar ƙwaya a ɗakin shan magani har aka ce ciwon ya mutu, amma ya tafi da yatsu biyu na ƙafar dama, kuma ƙafar daga idon sawu zuwa ƙasa ba ta jin komi. Ko ƙaya ya taka sai dai ya ga jini. Malamin asibiti ya ba shi takalmi mai taushin ciki, gindinsa taya, ya ce lallai ya riƙa sa safa. Ya sayi ta kasuwa mai tudun ɗinki a baki, ta ci masa yatsa bai sani ba, gyambo ya buɗe, ya yi damina da rani zaune ƙafa a kan turmi. Yanzu ya warke da ƙyar. Malamin ya gaya masa in ya sake buɗewa ya kai ƙashi, sai an yanke gaban ƙafar. Shi ne ya ce masa ya nemi matar tela a Malumfashi.

Ina bayan ƙofa ina jin su. Ba zan ɓoye muku ba, da na ji sunan ciwon na tsorata, don kuwa da tsoronsa muka tashi. Malam ne ya ce, "An ce ya warke, kuma ƙafa ce kamar ta kowa." Ya barbaɗa toka.

Nomau bai taka nan da nan ba. Ya ce, "Malam, bari in faɗa maka abin da ya kawo ni, don matarka ta ji. Ina da gona bakin fadama, tun ubanmu na da rai ni ka noma ta. Yayana Jatau shi ne babban gida yanzu. Ya ce bara an noma mani don zumunci, bana in ban kama garma da kaina ba zai ba ɗansa ita. Ba mugunta ba ce, gona ba ta zama banza. Amma in ta tafi, ni kuma na zama mai zaman gindin bishiya ke nan."

Da ya tafi na fito na duba sawun. Na auna sawu iri-iri, ban taɓa ganin irin wannan ba. Babban yatsa da biyu na kusa da shi suna nan, daga nan sai ƙafar ta zame a karkace kamar an gutsure gefen waina. Safar da aka saba yi, mai baki a tsakiya, za ta bar rara a gefen, rarar ta naɗe cikin takalmi, naɗin kuma ya yi abin da ɗinki ya yi. Dole in rage saƙar ta gefe guda, in karkato da haɗin ya kwanta daidai kan yatsun da suka rage. Wannan duk mai yiwuwa ne. Abin da babu shi ne zare.

Washegari matarsa Kande ta shigo, gajeruwa, baƙa, mai saurin magana. Ta tsaya nesa da tabarma, ta saba mutane suna janye kayansu in ta zo. Na ce ta zauna. Na gaya mata ba ulu a garin nan ko na magani.

Ta ce, "Matar Malam, mu da muke kwana cikin auduga? Ni da mazari aka haife ni."

Na ce, "Abawa ba za ta yi ba, ta yi kauri. Siriri nake so, mai laushi, kuma ko ƙulli ɗaya na gani zan mayar miki da kayanki."

"In ya tsinke fa?"

"Ki buɗe bakin biyun ki murza su tare. Ƙulli a ƙafar mijinki daidai yake da tsakuwa."

Zaren farko da ta kaɗa ta kawo na mayar. Na biyu ma na mayar, ta fita tana gunaguni wai matan birni ba sa godiya. Na uku kam, ban taɓa riƙe zaren hannu mai kyansa ba. Na haɗa biyu na murɗe, na dafa shi a ruwan zafi don ya gama shan jikinsa kafin a saƙa. Auduga ba ta da yafiya irin ta ulu. Ulu yana miƙewa ya rufa maka asiri, auduga kuwa duk inda hannunka ya yi rawa sai ta nuna. Bakin safar nan na warware shi ban san iyaka ba kafin leɓena ya yarda. Na yi masa isassu yadda zai riƙa canzawa, na gaya wa Kande kullum ya dawo gona ta cire masa, ta wanke ƙafar, ta duba tsakanin yatsu da idonta tun da shi ba zai ji ba, kuma kada ya mayar da jiƙaƙƙiya.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka. Labari ya zo mana ta bakin masu zuwa kasuwa cewa Nomau ya shuka gonarsa da kansa. Na ji daɗi ƙwarai, har na fara tunanin audugar nan za ta fitar da ni daga zaman banza.

Ana shirin noman farko sai ga Kande da hantsi, ba ko sallama. Ta jefa mini safa a cinya. Bakin ya yi jirwayen jini.

"Ga aikinki nan. Ya buɗe. Malamin asibiti ya ce wani abu ne ya goge shi, ya ce a tambayi mai saƙa."

Na ɗauki safar na duba haɗin ta waje, lafiya lau. Na juya ta. Tun kafin in kai ta leɓe na ga abin. A ƙarƙashin wurin babban yatsa an ɗinka wani ɗan ƙunshin fata, bai fi ƙwayar wake ba, an bi shi da baƙin zare an ɗaure da kyau.

Na ce, "Kande, wannan fa?"

Ta leƙo, ta ce, "Wanga ai magani ne. Tsohon gidanmu ya haɗa mashi, na tsarin ƙafa. Ya ce a sa inda ciwon yake. Aradu ban taɓa saƙarki ba, a gefe na ɗinka shi."

"Shi Nomau ya sani?"

"Shi ya riƙe mani safar ina ɗinki. Ya taka ya ce bai ji komi ba."

Tana faɗin haka na ga maganar ta koma mata ciki. Ta zauna a ƙasa daɓas, ta ɗora hannu biyu a ka.

Na so in yi mata tatas, bakina har ya buɗe. Amma matar da ta kaɗa zare sau uku don ƙafar mijinta ba sakarya ba ce, tsoro ne ya yi mata yawa, ta ga gara a haɗa da na asibiti da na gida. Kuma na san in na ce a jefar da maganin, za ta ce to, ta koma gida tsoho ya yi magana, a mayar da shi wani lungun da ban sani ba. Sai na ce, "Koma ki tambayi tsohon. Dole sai maganin ya taɓa yatsan, ko kuwa ya isa a ce yana jikin ƙafar?"

Ta dawo ranar kasuwa. Ta ce tsoho ya yi dogon tunani, ya ce muddin yana ƙafar dama, kuma duk inda ƙafar ta je yana biye, to ya yi. Na ce madalla. Na karɓo safofin duka, na saƙa wa kowace ta dama ɗan aljihu a can sama, ta waje, daidai ƙwauri inda naman Nomau yake da rai, yadda ko ya matsa masa zai ji. Na yi masa ɗan marfi da maɓalli daga gwangwanin Malam. Wadda aka huda da baƙin zare kuwa na yanke bakinta, na tsinto idanun ɗaya bayan ɗaya, na sake saƙa shi na haɗe. Kande tana zaune tana kallo, ta ce, "Ashe har magani ana yi ma ɗaki."

Allah ya taimaka ciwon bai yi zurfi ba, don ta gan shi da wuri. Amma malamin asibiti ya ce sai Nomau ya sake zama, ƙafa a sama, har ya rufe. Noman farko ya wuce yana kan turmi, Kande da ƙannenta suka yi masa. Jatau ya zo ya tsaya a kansa ya ce ya ji, tsautsayi ne, zai jira zuwa huɗa. In lokacin huɗa ya yi ba a ga Nomau a gona ba, magana ta ƙare.

Daga nan labari ya ɗauke. Ruwa ya yi yawa a shekarar, hanyar ƙauyensu ta yanke, Kande ta daina zuwa kasuwa. Ni kuma aiki ya buɗe mini ta inda ban zata ba, don malaman makaranta sun ji ana safar auduga, ga ta da sanyi a ƙafa. Ina saƙa ina lissafin kwanaki a raina, in na ga dawar bayan gidanmu ta ƙara tsawo sai in ce yanzu ko an fara huɗa a Ƙarfi. Na tambayi masu kawo itace, wani ya ce ya ga Nomau a gona, wani ya ce a'a, ɗan Jatau ne ya gani. Na bar tambaya don kada in ji abin da ba na so.

Sai da kaka ta yi, wata ranar kasuwa da la'asar, na ji an yi sallama a zaure da wata murya mai kauri, sai kuma wani abu mai nauyi ya faɗi ƙasa tim. Na matso bayan ƙofa na leƙa ta tsaga. Damin dawa ne, irin wanda sai ƙato yake ɗauka. Nomau yana tsaye a kansa, gumi ya jiƙa masa riga, ga safata a ƙafarsa ta yi ja da ƙasar hanya.

Malam ya ce, "Nomau! Wace mota ka samu da wannan kaya?"

"Wace mota kau? Da ƙafa na taho."

"Daga Ƙarfi?"

"Daga bakin fadama. Ta gonar ce. Ni na huɗe ta, ni na yanke, Jatau da kanshi ya ɗora mani damen ga a ka. A ba matarka, a ce mata ƙafa lafiya lau, Kande na dubawa kullum har ta ishe ni."

Ni da ke bayan ƙofa ban san lokacin da na ce "Alhamdu lillahi" da ƙarfi ba, har suka ji suka yi dariya. Malam ya jawo tabarma da sauri ya shimfiɗa, ya ture yadin da ke kan benci, ya ce, "Zauna mana, zauna ka huta, a kawo maka ruwa. Wannan tafiya haka!"

Nomau ya dubi tabarmar, ya dubi bencin, ya share gumi da gefen hannu.

Ya ce, "A kawo ruwan dai, Malam. Amma bar ni tsaye. Na gaji da zama."